Ɗinkin Auta a Wuyan Salansa

Daga:
Mai gyaran salansa,
Shago na huɗu, Layin Masu Walda,
bayan tashar manyan motoci.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Duba Lafiyar Motoci.

Talata, 18 ga Fabrairu.

GAME DA: Ƙorafi kan kayar da motata ba tare da an gwada ta ba, takarda mai lamba 2/417, da roƙon a dakatar da yanke salansarta

Ranka ya daɗe,

Jami'inku na ramin duba motoci na biyu ya kayar da motata ranar Litinin, 3 ga wannan wata, saboda ɗinkin walda guda ɗaya da ke wuyan tukunyar salansa. Da ido ya yanke hukunci. Bai gwada ba. Yau kwana goma sha biyar motar tana tsare a farfajiyarku, kuma an ba ni takarda cewa ranar Litinin, 24 ga wata, mai waldar ofishinku zai yanke salansar ya jefa ta cikin tarin ƙarafa.

Ina gaishe ka da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina kuma neman afuwa idan maganata ta zo a tsaye. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji uku na tsaya. 'Yata ce ta buga wannan takarda, ni ina faɗa ita tana bugawa, kuma na hana ta sassauta ko kalma ɗaya. Shekarata saba'in. Arba'in da ɗaya daga ciki a ƙarƙashin mota na yi su. Ban taɓa rubuta wa wani ofishi ƙorafi ba sai yau.

Kafin in jera abin da aka yi mini, dole in yi bayanin salansar, domin takardarku layi ɗaya kawai ta ba ta.

Motata mai ƙofa huɗu ce, tsohuwa, fara. Salansar da ke jikinta ba tata ba ce ta asali, kuma ban ɓoye wa kowa haka ba. Ta motar ɗana ce, wanda muke kira Auta. Tasa mai ƙofa biyu ce, kamfani ɗaya da tawa, inji iri ɗaya. Ranar da ya sayo ta na ce masa wannan motar marasa iyali ce, ina zai sa uwarsa? Ya ce, "Baba, ai ubana mai walda ne. Ran da na yi aure sai ka ƙara mini ƙofa biyu." Bai kai ga auren ba. Ranar 11 ga Yunin bara, da hantsi, wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta a mahaɗar hanya, ta hau gaban motarsa. Shekararsa talatin da ɗaya. Allah ya jiƙansa.

Gaban motar ya tafi gaba ɗaya. Bayanta ko ƙwarzane bai samu ba, salansar da ke ƙasa ma ta tsira. Na sa aka jawo ta ƙofar shagona, na rufe ta da tamfol. Wata huɗu ban ɗaga ba. A watan Oktoba salansar motata ta ruɓe har ta huje. Na ɗaga tamfol, na kwance tasa, na bar wa masu sayen tsohon ƙarfe sauran.

Na san kana da injiniyoyi a ƙarƙashinka. Ka ba su abin da zan faɗa yanzu su duba, in akwai kuskure su nuna.

Mai ƙofa biyu ta fi mai ƙofa huɗu gajarta. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya bambancinsu taƙi ɗaya ne da yatsa uku, a awon hannuna. Ta wajen but, ma'ajin kaya na baya, ma tawa ta fi tsawo da yatsa shida. Bakin da ke haɗuwa da inji ya zauna daidai a kan kusoshinsa uku, ban taɓa shi ba. Sauran kuwa babu abin da ya zauna. Tukunya ba ta kai gurbinta ba. Gwiwar da ya kamata ta haye sandar ƙafar baya ta tsaya kafin ta kai. Ƙugiyoyin rataya ba su ga wurin kamawa ba. Wutsiya ta ƙare a ƙarƙashin but, inda hayaƙi zai taru ya shiga wa mutanen kujerar baya.

Kowane mai salansa ya san inda ake yanka a irin wannan aiki. A wuyan tukunya ake yanka, inda bututu ya shiga cikinta, domin nan ne miƙaƙƙe. Ka yanka, ka saka guntun bututu, ka ɗinke, tukunya da gwiwa su ja baya su zauna. Aikin rabin yini ne. Ni ban yanka a nan ba. Na je can gaba, kusa da giya, inda bututun ya lanƙwasa. Na cika sabon bututu da busasshen yashi, na toshe bakinsa, na gasa shi na lanƙwasa a hankali don kada ya matse. Sau uku ina yi ina jefarwa. Na huɗu ya zauna. Na matsar da ƙugiya biyu, na ƙara ta uku, na sa sababbin robobi. Na ƙara tsawon wutsiya har ta leƙo bayan bamba da yatsa biyu. Tsakanin bututu da tankin mai yatsa huɗu ne, kuma na sa farantin kare zafi. Kwana uku na yi. Maƙwabcina mai taya ya leƙo rami a rana ta biyu ya ce tsufa ya fara cin hannuna. Na ci gaba da aikina.

Ban yanka a wuya ba saboda ɗinkin Auta yana wurin.

Auta bai gaji sana'ata ba. Na so, ya ƙi. Ya yi karatu, ya samu aikin zanen gidaje a ofis, aikin da ake dawowa da riga fara kamar yadda aka fita. Na daɗe ban huce ba. Shekara biyu kafin rasuwarsa, wata Asabar, wuyan tukunyarsa ya tsage, ya kawo motar shago. Mota uku ce a gabansa. Na ce ya bi layi kamar kowa, wanda ya ƙi sana'a ba shi da alfarma a wurin sana'a. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki gilashin walda ya shiga rami. Rabonsa da sandar walda tun yana makaranta. Minti arba'in ya yi a kan aikin minti goma. Ya fito da ƙuna a wuyan hannu, fuska duk baƙi, yana washe baki, ya ce in zo in gani. Na leƙa. Ɗinkin ya yi tudu-tudu, nan ƙulli can ƙulli. A gaban maƙwabtana mai taya da mai fenti da masu motocin nan uku na ce ko kaza ta yi kashi ta fi wannan tsari. Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Na ce ya bari in gurje in sake, kada a ce daga shagona wannan ya fita. Ya ce, "Sai ya yi yoyo, Baba." Ya tayar da motarsa ya tafi.

Ban gwada ɗinkin a ranar ba. Ban gwada shi ba sai a watan Oktoba, bayan na ɗaura salansar a motata. Na toshe wutsiya da tsumma, na shafa ruwan sabulu a kowane ɗinki, na tayar da inji. Ɗaya daga cikin nawa ya yi kumfa, na sake shi. Nasa bai yi ba. Na ƙara wuta, bai yi ba. Na bi shi da bayan hannu zagaye biyu, ban ji ko numfashi ba. Ya sha zafi, ya sha ruwa, ya sha ramukan hanya shekara biyu, ga haɗarin da ya raba motar, bai buɗe ba. Mummuna ne a ido, amma ya kama har ciki. Wanda ya kamata in gaya wa haka ba ya nan.

Yanzu ga ƙorafina.

1. Ba a gwada ba.

Ranar 3 ga wata na shiga layi ƙarfe tara na safe. Goma da rabi na hau rami na biyu. Birki ya wuce, fitilu sun wuce, sitiyari ya wuce. Jami'in ya sauka rami da tocila. Ya ga sababbin ƙugiyoyi, ya tambaya, na gaya masa salansar daga mai ƙofa biyu take. Ya auna tsakanin bututu da tanki, ya duba wutsiya, ya girgiza tukunya da hannu, ya ce aikin ya yi tsabta. Wannan ina shaida masa. Daga nan tocilarsa ta faɗa kan wuya. Ya ƙwarzane shi da sukundireba, ya ɗauko jan fenti ya zana masa giciye, ya hau ya rubuta: "Facin walda mara inganci, haɗarin yoyon hayaƙi."

Na ce a tayar da inji. Tsumma da sabulu suna cikin but ɗina, ruwa yana famfonku. Ya ce layi ya yi tsawo. Na nuna masa injin awon hayaƙi da ke jikin bango, ya ce wannan abin da ke fita ta wutsiya yake aunawa, ba yoyo ba. Gaskiyarsa. Amma sabulu ba ya bukatar inji. Minti biyar na roƙa.

Kada a ɗauka ina raina dokar. Na san abin da hayaƙi yake yi wa mutum a rufaffiyar mota, na sani tun ba a haifi jami'in nan ba. Matata ce take zama a kujerar baya. Da ɗinkin yana yoyo, da ba ku za ku fara yanke shi ba.

2. An ci mutunci a gaban jama'a.

Bayan ya zana giciyen, jami'in ya kira abokin aikinsa na rami na uku ya ce, "Zo ka ga ikon Allah. Wanda ya yi wannan da ƙafa ya riƙe sandar?" Suka yi dariya, mutanen layi suka taya su. Ya juyo gare ni ya ce, "Baba, wa ya cuce ka haka? Faɗi sunansa mu hana mutane zuwa wurinsa."

Ba na neman a hukunta shi. Bai sani ba. Kuma abin da ya faɗa bai fi abin da ni na faɗa muni ba. Amma ni uban mai ɗinkin ne na faɗa, kuma ina ɗauke da ita kullum. Ma'aikaci mai kaki ba shi da wannan hurumin a kan aikin da bai gwada ba. Ina roƙon a ja masa kunne kawai, domin gobe wani ne zai tsaya a bakin ramin.

3. Akwai ƙarya a takarda 2/417, kuma tawa ce.

Da ya tambayi wanda ya yi, na ce ni na yi. Ya dube ni, ya dubi ƙugiyoyin da ya gama yabawa, ya kaɗa kai, ya rubuta: "Mai motar ya amsa shi ya yi facin." Na sa hannu. Wannan ne karo na farko da na sa hannu a kan abin da ba haka yake ba.

A layin akwai direbobi biyu da suka san ni fiye da shekara ashirin. Kafin in isa shago labari ya riga ni, wai dattijon da yake kushe ɗinkin kowa an kama nasa a rami. Mai fenti ya san gaskiya, yana wurin ranar Asabar ɗin. Ya so ya yi magana, na hana shi. Sunan da na tara a shekara arba'in da ɗaya bai dame ni ba. Na gwammace a yi mini dariya da a kira sunan yaron a wannan wurin, a wannan bakin.

Amma takardar hukuma ba hirar shago ba ce, don haka nake gyara ta yanzu. Ba ni na yi ba. Idan aka gwada ɗinkin ya faɗi, a bar sunana a kai yadda yake. Idan ya ci, a rubuta cewa aikin ɗana ne. Ba zan karɓi yabon da ba nawa ba.

4. An tsare motar, kuma duk hanyar da aka ba ni wuri ɗaya take kaiwa.

Tsohuwar takardar lafiyar motar ta ƙare ne a ranar 3 ɗin. Aka ce motar da aka rubuta wa haɗarin hayaƙi ba ta fita da ƙafarta. Aka kwance lambobinta, aka tura ta ƙarshen farfajiya, kusa da tarin ƙarafa. Aka ba ni zaɓi biyu. Ko mai waldarku ya gurje ɗinkin ya sake a nan, ko in jawo motar shagona in gurje in sake in dawo da ita. Na ce akwai na uku, a gwada. Aka ce babu gurbinsa a takarda.

Tun ranar ba a bar ni na taɓa motar ba. Mai gadi mutumin kirki ne, yana barina in tsaya a bakin shinge. Daga nan ana hango wutsiyar. Ƙurar hunturu tana ta sauka, kuma gilashin baya na hagu ba ya rufuwa sosai sai an taimaka masa da hannu. Na gaya wa mai gadi, ya ce ba a ba shi makulli ba.

5. Cutarwar ta wuce ni.

Matata tana da ciwon ƙafa da ake wanke mata a asibiti kowace Alhamis. A motar nan nake kai ta. Tun watan Yuni ba ta koma yadda take ba. Mace ce mai faɗa, wadda in ka ajiye takalmi a karkace sai ka ji. Ta daina. Gida ya yi shiru har na riƙa barin takalmin a karkace da gangan.

Ranar da na gama ɗaura salansar ban gaya mata ba. Na dawo gida da la'asar. Kowace tukunya da irin kukanta, ranka ya daɗe, mu masu aikin mun sani, ban yi zaton ita ma ta sani ba. Kafin in kashe inji ta fito bakin ƙofa da jiƙaƙƙen hannu, ɗankwali a karkace, tana duba bayan motata. Ta ga ni kaɗai ne. Ta tsaya. Ta ce, "Kashe." Na kashe. Ta ce, "Sake tayarwa." Na tayar. Sau uku muka yi haka. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta koma ciki. A ranar ta cinye abincinta, ta kuma yi mini faɗa a kan man da na shafa wa labule.

Ba ruɗewa ta yi ba. Ta san inda ɗanta yake. Amma tun daga ranar a bayan dama take zama, saitin tukunya, kuma ba ta so a kunna rediyo.

Alhamis biyu ke nan, 6 da 13 ga wata, muna zuwa asibiti a motar haya. Tana zuwa, ba yarinya ba ce. Tana tambayar motar, ina ce mata maganar takardu ce. Ban gaya mata zancen ranar 24 ba. 'Yata da take buga wannan yanzu ta sani, kuma na ce ta riƙe bakinta.

Ita 'yar tawa ta ba ni shawara in jawo motar, in kwance salansar in rataye a bangon shago, in sa sabuwa, kowa ya huta. Shawarar mai hankali ce. Amma salansa a bango ƙarfe ce kawai. Ɗinki ana yin sa ne don ya riƙe wuta. Kuma ko na rataye ta, takardarku tana nan a ajiye tana cewa aikin hannunsa guda ɗaya da ya rage mini mara inganci ne. Zanen gidajensa na kamfani ne, ko ɗaya ban gani ba, kuma ko na gani ban iya karantawa ba. Wannan na iya karanta shi.

6. Na bi matakan da aka ce in bi, ba a saurare ni ba.

Ranar Laraba, 5 ga wata, na je taga ta huɗu na nemi a sake gwaji. Aka ce in dawo Litinin. Ranar Litinin, 10 ga wata, aka ce jami'in ya tafi kwas, kuma babu mai taɓa takardar wani. Na zauna a benci daga safe har azahar ko wani babba zai wuce. Babu wanda ya wuce.

Ranar Laraba, 12 ga wata, na ga mataimakinka. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera da ruwa, wannan ma ina shaida masa. Ya ce sake gwaji sai bayan gyara, haka tsarin yake. Ya ce, "Baba, ai gurzawa ce kawai a sake bi. Ƙarfen yana nan, ba wanda zai ga bambanci." A nan na gaya masa ko ɗinkin wane ne. Shi ne mutum na farko a ofishinku da na gaya wa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce abin ya taɓa shi, amma doka ba ta san wannan ba. Na ce ban nemi doka ta san ɗana ba. Na nemi doka ta tayar da inji. Ya ce zai duba. Ya raka ni har ƙofa.

Jiya Litinin, 17 ga wata, na koma jin abin da ya duba. Maimakon amsa sai aka miƙo mini takarda ta taga, cewa duk motar da ta cika kwana ashirin da ɗaya ba a gyara ba, ofis zai cire abin da aka yi wa jan fenti ya zubar, sannan a sallami motar a ja ta. Na sa mai tagar ya karanta mini sau biyu. Bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, ka ba da umarni a rubuce kada kowa ya kusanci salansar da injin gurza ko na yanka har sai ka yanke hukunci a kan wannan takarda. Kwana shida suka rage.

Na biyu, ka sa a hau da motar rami, kowane rami, a gaban duk jami'in da ka yarda da shi. A toshe wutsiya, a shafa sabulu, a tayar da inji, a ƙara wuta iya yadda ake so. In kuna da wata hanya da ta fi wannan tsanani, ku yi da ita. Ni zan kawo bokiti da tsumma. Ba sai na sauka ramin ba in ana tsoron zan sa hannu, zan tsaya inda aka ce in tsaya. Idan ya yi kumfa ko da ta bakin allura ce, na yarda da hukuncinku, kuma ni zan yanke shi da hannuna a gabanku. Ba wani ba.

Na uku, idan bai yi kumfa ba, a soke layin nan na "mara inganci", a gyara sunan wanda ya yi aikin yadda na faɗa a sama, a mayar mini da lambobina, a bar ni in goge jan fentin da kaina. A ba ni kwafin takardar in kai gida.

Ban nemi alfarma ba. Ban nemi a wuce da mota mai yoyo don tausayin tsoho ba, kuma in aka yi mini haka ba zan karɓa ba. Gwaji nake nema, wanda don shi aka kafa ofishinku. Ni na yanke wa ɗinkin nan hukunci da ido tun kafin jami'inku, kuma na yi kuskure. Ba na so hukuma ta maimaita kuskurena ta buga masa hatimi.

Na haɗa da kwafin takarda 2/417, da kwafin sanarwar jiya, da zanen bututun da na yi da hannuna, inda na nuna wurin da na yanka da wurin da ban taɓa ba. Mai taya da mai fenti sun yarda su zo shaida in an kira su.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raya maka naka. Ina jiran amsarka cikin biyayya.

Naka mai ladabi,

Mai gyaran salansa,
Shago na huɗu, Layin Masu Walda.
(Na sa hannu da kaina.)

Ƙari, da hannuna, a kan bencin ofishinku, yau Talata ƙarfe goma sha ɗaya. A yi haƙuri da rubutun.

Ina zaune ina jiran a karɓi takardar nan, mataimakinka ya fito ya gan ni. Ya aika aka kira mai waldarku, ya zo da injin gurza a hannu, waya a naɗe a kafaɗa. Mataimakin ya durƙusa kusa da ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya yi magana da kowa, ba sai takarda ta kai sama ba. Minti goma ne a gurje ɗinkin a sake bi, ba zan ba da komai ba, za a ɗaura lambobi in tafi da motata yau, in kai Mama asibiti jibi. Na san da kyakkyawar niyya ya yi. Ina so a rubuta amsata yadda na faɗe ta, da ƙarfi, a gaban mai gadi da mai taga da mutanen benci.

Na ce, "A'a. Ba za ku gurje shi ba."